BA JAN AJI BA NE, TSORO NE

Da wuya a zauna a majalisar samari masu son finafinan Hausa a tashi ba a ci naman wata 'yar wasa ba. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: wance girman kai gare ta. An buga mata waya ba ta ɗauka ba. An tare ta a bakin shago za a gaisa, ta amsa a tsaitsaye ta faɗa mota ta ɗage gilas. An nemi a yi hoto da ita, ta ja gefe ta bar tazarar da akuya za ta iya ratsawa. In za ta ofis ɗin furodusa sai ta jawo ƙanwar ta ko ƙawar ta, su zo su zauna ƙememe kamar 'yan gadi. Daga nan sai ka ji an yanke hukunci: "Ai tun da ta yi suna ta ke jan aji."

Ba a musun cewa akwai masu jan ajin. Suna ya kan ruɗi mutum, mace ko namiji. Amma akwai wani dalili da ba a cika kawo shi a irin wannan hira ba, domin su matan ba su faɗa, su kuma mazan abin bai taɓa zuwa masu a rai ba. Dalilin kuwa shi ne tsoro. Tsoron a keɓe da ita, tsoron a ci mata zarafi, tsoron fyaɗe. Kuma wannan tsoro ba a industiri aka haife shi ba. Da shi yarinya ta ke zuwa daga gida, industiri ta na ƙara masa nauyi ne kawai.

LISSAFIN DA NAMIJI BAI SAN DA SHI BA

Saurayi in zai fita, abin da ya ke lissafawa shi ne kuɗin mota da lokacin dawowa. Budurwa kuwa lissafin ta ya fi haka tsawo. Kafin ta shiga A Daidaita Sahu sai ta leƙa ta ga su wane ne a ciki. In maza biyu ne a baya babu mace, sai ta ce a wuce. In ta shiga kuma direba ya karkata wani lungu da ba shi ne hanya ba, nan da nan gaban ta ya faɗi, ta kara waya a kunne ta na cewa, "Yaya ga ni nan na kusa, ka fito bakin titi," alhali babu kowa a kan layin. Ta san gidan da ba ta shiga aike in matar gidan ba ta nan. Ta san malamin da ba ta zuwa ofishin sa ita kaɗai. Ta san mai shagon da ta ke miƙa wa kuɗi daga waje. Babu wanda ya zaunar da ita a aji ya koya mata wannan. Ta tsince shi ne daga gargaɗin uwa, daga labarin ƙawa, wani lokacin kuma daga abin da ya taɓa samun ta ita kan ta.

Ita kan ta A Daidaita Sahun an shigo da ita Kano ne a 2005, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, domin ɗaukar mata lokacin da aka hana su hawan acaɓa. Da tafiya ta yi nisa ta zama ta kowa, mace kuma ta ci gaba da leƙen ta.

Wani zai ce ai mata akwai su da zuzuta abu. To ga alƙaluma. A binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF kan cin zarafin yara a Nijeriya, an gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu ta na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18. A ɓangaren yara maza, ɗaya ne cikin goma. Mafi yawan masu aikata abin kuma ba baƙi ba ne, mutane ne da yaran su ka sani. A tsakiyar 2020, Sufeto-Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai masu rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu na shekarar. Waɗanda aka kai rahoto kenan, ban da waɗanda aka binne a cikin gida.

A watan Yuni na shekarar ne 'yan sandan Kano su ka kama wani mutum a Kwanar Dangora, kan hanyar Kano zuwa Zariya, bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, har da tsohuwa mai shekara 80. Mutanen garin "Mai Siket" su ke ce masa. Haurawa ya ke yi cikin gidaje da dare. Wato ko ɗakin uwar ta bai zama mafaka ga mace ba. A watan ne kuma gwamnonin jihohi 36 su ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Ita mace ba sai an sare ta ba, ta ga wadda aka sara.

HANYAR SHIGA FIM

Tun daga 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa zamanin finafinai masu dogon zango a YouTube, hanyar shiga harkar fim ba ta canza sosai ba: sai ka san wani. Babu wata babbar ƙofa guda da yarinya za ta bi ta cike takarda, a gwada ta a gaban alƙalai, a ba ta kwantiragi a rubuce. Yawanci wani ne zai kai ta wurin wani. Shi zai zama ubangidan ta. Shi zai sa ta a fim ko ya cire ta, shi zai yi mata magana da darakta, shi zai faɗi abin da za a sallame ta da shi, da baki, ba a rubuce ba.

Akwai iyayen gida na ƙwarai da su ka riƙe 'ya'yan mutane da amana har su ka aurar da su, kuma industiri ta san su. Amma tsarin da ya danƙa ci-gaban yarinya 'yar shekara 19 a hannun namiji ɗaya, tsari ne da ya dogara kacokan a kan tsoron Allah na wannan mutumin. In ya na da shi, alhamdu lillahi. In babu fa?

Ga kuma yanayin aikin. Da yawa daga cikin 'yan matan ba 'yan Kano ba ne. Wata daga Jos, wata daga Kaduna ko Maiduguri, wata ma daga Nijar ko Kamaru. Ba ta da wa ko kawu a gari. Lokeshan kan kai dare. Wani lokacin a bayan gari ake aiki, ko a wata jihar, a kwana a otal. Wanda ya biya kuɗin ɗakin shi ne zai biya ta kuɗin aiki, shi ne kuma ke da motar da za ta maida ta gida. In aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da ƙarfe ɗayan dare aka ce an zo a duba sikirif ɗin gobe, wa za ta kira?

Ban da 'yan fim na gaskiya, akwai kuma na bogi, waɗanda ko bakin kyamara ba su taɓa zuwa ba. Su na shawagi a Zoo Road da kafafen sada zumunta, sun sa hoton su da wani jarumi, su na yi wa 'yan mata alƙawarin za su haɗa su da wane. Sai a ce ta zo "gwaji" a wani gida ko ɗakin otal, kuma kada ta zo da kowa don darakta ba ya son hayaniya. Duk yarinyar da ta ji wannan sharaɗin, to ta ji ƙarar ƙararrawa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce, amma ta fi yin ƙara a watan Fabrairu 2022. Bayan hirar da Sashen Hausa na BBC ya yi da dattijuwa Ladin Cima, inda ta koka kan ɗan abin da ake biyan ta, mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya fito a bidiyo ya yi zargin cewa akwai waɗanda ke neman mata da lalata kafin su sa su a fim. Industiri ta ɗauki zafi. Wasu su ka ƙaryata, wasu su ka ƙalubalance shi da ya faɗi sunaye. Bayan 'yan makonni ƙura ta lafa, aka koma wata maganar. Tambayar da aka yi ta maimaitawa a lokacin ita ce: in da gaske ne, me ya sa matan ba su fito sun faɗa ba?

WA KE BIYAN KUƊIN SABULU?

Amsar ta na cikin tarihin industiri. A watan Agusta 2007, wani bidiyo na sirri na wata fitacciyar 'yar wasa ya bazu a wayoyin mutane. Ba fim ba ne, ba a lokeshan aka ɗauka ba, kuma namijin da ya ɗauka da wayar sa ba ɗan fim ba ne. Ba da yardar ta aka watsa shi ba. Amma sunan wa aka riƙa kira a kan mumbari da gidajen rediyo? Nata. Ita ce ta shiga ɓuya. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta dakatar da 'yan wasa da dama, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ta tsayar da ɗaukar fim na tsawon wata shida. Har yau da sunan ta ake tuna abin. Shi kuwa gogan, mutum nawa ne za su iya kawo sunan sa?

Wancan ba fyaɗe ba ne, amma darasin da 'yan mata su ka ɗauka daga ciki ya shafi fyaɗe kai-tsaye: duk abin da ya faru tsakanin mace da namiji, in ya fito fili, ita ce za ta biya. A watan Oktoba 2016 ma an ga yadda MOPPAN ba ta ɓata lokaci ba wajen korar Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ. Ko mutum ya goyi bayan hukuncin ko bai goya ba, sabuwar 'yar wasa ta ga yadda sanda ke saurin sauka a kan mace.

To a ce yau an ci zarafin ta, ta buɗe baki. Tambayar farko: me ya kai ki ɗakin sa? Ta biyu: wace irin shiga ki ka yi? Ta uku ba tambaya ba ce ma, hukunci ne: ai 'yar fim ce. Sai a kawo karin maganar nan da aka saba rufe bakin mata da ita, wai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Furodusoshi za su fara gudun ta don kada ta jawo masu rigima. Saurayin da ya kawo kuɗin gaisuwa zai aiko a maida masa. A gida kuma za a ce ai dama an hana ta. Wasu iyayen su da kan su za su roƙe ta ta yi shiru don a rufa asiri, saboda ƙannen ta mata da ba su yi aure ba. In ta auna wannan duka da abin da za ta samu in ta yi magana, sai ta haɗiye. Abin da ya rage mata shi ne rigakafi: kada ta yarda a keɓe da ita, kada ta saki fuska da yawa, kada ta ɗauki lambar da ba ta sani ba. Wannan rigakafin ne ake kira jan aji.

Ko a wajen industiri haka abin ya ke. A watan Fabrairu 2019 'yan matan Arewa su ka fara ba da labarin abin da ya same su a Twitter ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, wanda Fakhrriyyah Hashim ta ƙirƙiro. Labarai su ka yi ta fitowa, na malamai, na 'yan'uwa, na samari. Ba a rufa wata guda ba 'yan sanda su ka kama ɗaya daga cikin jagororin tafiyar, Maryam Awaisu, a Kaduna, kafin daga baya a sake ta. Masu magana sun sha zagi da barazana. Yarinyar da ke kallo daga gefe ta ƙara jan bakin ta ta tsuke.

BA KANO KAƊAI BA

Masu ƙin fim kan ɗauki irin wannan batu su ce ai ga shi nan, dama harkar ta 'yan iska ce. Wannan ba adalci ba ne. Duk inda namiji ke riƙe da makullin ci-gaban mace, ana samun haka. Binciken da BBC Africa Eye ta fitar a Oktoba 2019, wanda 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana aka yi shi, a kan malamai masu neman ɗalibai da lalata. Ba wanda ya ce a rufe jami'a.

A Amurka, sai a Oktoba 2017 ne asirin babban furodusan Hollywood, Harvey Weinstein, ya tonu, bayan shekaru ana raɗe-raɗi. Mata sama da 80 su ka zarge shi, cikin su har da manyan jarumai masu kuɗi da lauyoyi, waɗanda duk da haka su ka yi shekaru ba su iya magana ba. A 2023 wata kotu a Los Angeles ta yanke masa ɗaurin shekara 16.

Misalin da ya fi kama da na gida shi ne na Indiya. A Fabrairu 2017 aka sace wata shahararriyar jaruma ta finafinan harshen Malayalam a Jihar Kerala, aka ci zarafin ta a cikin mota. Matan industirin su ka kafa ƙungiya, su ka matsa wa gwamnatin jihar har ta naɗa kwamiti ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Mai Shari'a K. Hema. Kwamitin ya miƙa rahoto a ƙarshen 2019, amma sai a Agusta 2024 aka bari jama'a su ka gani. Abin da matan su ka faɗa wa kwamitin zai yi wa 'yar wasan Hausa kama da labarin gida: ana buga masu ƙofa a otal da tsakar dare, babu wurin canza kaya ko banɗaki a lokeshan da yawa, wasu sai da iyaye ko 'yan'uwa su ke zuwa aiki saboda tsoro, wadda ta yi ƙorafi kuma a daina kiran ta. Kwanaki kaɗan bayan fitar rahoton, shugabannin ƙungiyar 'yan wasan su ka ajiye muƙaman su, har da shugaban ta, jarumi Mohanlal. Abin lura shi ne matan ba su yi magana ba sai da aka ba su wurin da za su faɗa a asirce, a gaban mata.

ABIN DA KASET YA KOYAR

Su ma finafinan su na da nasu kason. Duk wanda ya tashi da kallon Indiya, daga zamanin sinimar Plaza da Marhaba zuwa na fassarar Indiya-Hausa, ya san fyaɗe a fim aikin bos ne: mai jajayen idanu da muguwar dariya, irin su Ranjeet da Shakti Kapoor. Ya kan auka wa ƙanwar jarumi, ita kuma ta mutu ko ta kashe kan ta, don jarumi ya samu dalilin ɗaukar fansa. Labarin ba nata ba ne, na yayan ta ne. Mai kallo ya tashi da tunanin cewa mai fyaɗe a fuska ake gane shi. A zahiri kuwa ya kan zo da fara'a da sallama, wani lokacin ma da carbi a hannu.

Darasi na biyu ya fi wannan illa, domin shi jarumi ne ke koyar da shi. Yarinya ta ce ba ta so, ya bi ta makaranta, ya bi ta gida, ya tare ta a hanya, a yi waƙa biyu, sai ga shi ta faɗa. A 'Tere Naam' na 2003, wanda samari su ka yi ta kwaikwayon askin Salman Khan na ciki, jarumin har sace yarinyar ya yi ya tsare ta, ƙarshe kuma aka nuna ta kamu da son sa. Finafinan Hausa sun ɗebo wannan salo na naci, an dai rage masa zafi. Saurayi ya kalla ya ɗauka "a'a" ɗin mace somin-taɓi ne. Abin da shi ya ke gani soyayya, ita a wurin ta mutum ne da ya san hanyar gidan su kuma ba ya jin bari.

Amma Indiyawan sun yi wasu finafinan da su ka juya akalar. A 'Damini' na 1993, Meenakshi Seshadri ta fito a matar da ta ga ƙanen mijin ta da abokan sa sun yi wa 'yar aikin gidan fyaɗe, ta ƙi yin shiru duk da dangin miji sun taso ta a gaba. A 'Pink' na 2016, Amitabh Bachchan ya fito a lauyan da ya tsaya wa 'yan mata uku, ya nuna wa kotu cewa shigar mace ko fara'ar ta ba izini ba ne, kuma in ta ƙi, to ta ƙi. A nan gida, 'The Milkmaid' na Desmond Ovbiagele, wanda aka yi mafi yawan sa da Hausa a 2020, ya ba da labarin 'yan matan da 'yan ta'adda su ka sace ta bakin su matan, har Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi.

Akwai wani abin dubawa a nan. A gaban kyamara, fim ɗin Hausa ya na da tsauri ƙwarai: namiji ba ya taɓa mace, ana duba shiga, ana duba rawa, kuma tun kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 ake sa ido a kan haka. Wato an tsare mutuncin mace a cikin akwatin talbijin. Abin da ya rage shi ne a tsare shi a bayan kyamara, inda ita 'yar wasan ta ke da jini da tsoka.

"AI BA DUKA MAZA BA NE"

Wannan ita ce amsar da samari kan bayar, kuma gaskiya ne. Mafi yawan maza ba su taɓa yi ba, ba kuma za su yi ba. Sai dai ita macen ba ta da na'urar da za ta haska goshin mutum ta gane na kirki. In ta yi zaton alheri ta yi kuskure, ita ce da asara har ƙarshen rayuwa. In ta yi taka-tsantsan ta yi kuskure, iyaka wani ya ji haushi na minti biyar. Kowa aka ba wannan zaɓin ya san wanda zai ɗauka. Shi kan sa mai jin haushin, in ƙanwar sa ce za ta fita, irin wannan gargaɗin ya ke yi mata.

Saboda haka ɗan kallo na ƙwarai ba ya fushi don jaruma ta ƙi ba shi lamba. Ba ya bin motar ta don ya ga gidan su. Ba ya aika mata saƙo ɗari a dare ɗaya. In bidiyon tonon asirin wata ya faɗo wayar sa, ya goge, kada ya tura, don duk wanda ya tura ya sa hannu a cin zarafin. In kuma abokin sa ya na bugun ƙirji a majalisa da abin da ya yi wa wata, kada ya taya shi dariya. Ko a addinance, umarnin runtse ido a Suratun Nur da maza aka fara kafin mata, kuma malamai sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta wa ba ta da laifi.

INA MAFITA?

Abin da industiri za ta yi ba ya buƙatar miliyoyi. Gwajin sababbin 'yan wasa ya zama a ofis, da rana, a gaban mutum fiye da ɗaya, da mace a ciki. Yarjejeniyar aiki ta zama a rubuce, ko da shafi ɗaya ne. In za a kwana a lokeshan, masaukin mata daban, da wata babba a cikin iyayen industiri da za ta kula da su, kuma motar da za ta maida su gida ta zama ta kamfani, ba ta alfarma ba. Ƙungiyoyi su kafa kwamitin karɓar koke wanda mata ke jagoranta, mai riƙe sirri, mai ikon dakatar da namiji komai girman sunan sa. Gyara kayan ka ba ya zama sauke mu raba.

Doka ma ta motsa. A 2015 aka sa hannu a dokar tarayya ta hana cin zarafin jama'a, VAPP, wadda ta tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai ga mai fyaɗe. A 2019 hukumar NAPTIP ta buɗe rajistar sunayen waɗanda aka samu da laifin. A Satumba 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a dokar Jihar Kaduna da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, ƙara kuma ba ta zuwa sai mace ta tabbata ba ita za a tsire ba.

Ga wadda tsautsayi ya faɗa wa, abu na farko shi ne asibiti, da gaggawa. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 ya ke aiki. In da hali, kada ta yi wanka ko ta wanke kayan da ke jikin ta kafin likita ya duba, domin su ne shaida. An buɗe cibiyoyi na musamman don wannan, irin su Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ta na tsaya wa marasa ƙarfi.

Sauran aiki na marubuta da daraktoci ne. An yi finafinai ba adadi a kan kishiya, gado da auren dole. 'Yan kallo na jiran fim ɗin da mugun ciki ba bos ba ne, kawu ne ko malami ko ubangida mai faran-faran. Fim ɗin da yarinyar ba ta mutu ba, ba ta haukace ba, ba a kuma aura mata wanda ya cuce ta don a rufa asiri ba. Ta dawo gida ta faɗa wa uwar ta, uwar ta yarda da ita, uban ya sa hular sa ya ce a tafi asibiti, daga can a wuce wurin 'yan sanda. Akwai gidaje da yawa da ba su taɓa ganin an yi haka ba, ko da a cikin fim ne.